Zazzaɓin Kurmi da Hausawan Anacha, Inugu da Fatakwal

A watan Agustan 1841 wasu jiragen ruwa uku na Ingila, Albert da Wilberforce da Soudan, suka kutso Kogin Kwara ta bakin teku. Suka yada zango a Abo, suka wuce ta gaban Anacha, suka nausa Idah da mahaɗar Binuwai. Turawa 145 ne a cikinsu, ɗauke da takardun yarjejeniyar hana cinikin bayi da kayan noma, don suna da niyyar kafa gona a wajen da Lakwaja take yanzu. Har tafintoci masu jin Hausa suka ɗebo daga Saliyo, saboda an shaida musu ita ce harshen kasuwa a can saman kogin. Ba su cika wata guda a kan kogin ba zazzaɓi ya shiga jirgi. Ya kwantar da Turawa 130, ya yi ajalin kimanin 40, sauran suka juyo da jiragen da ƙyar da jiɓin goshi.

Likitan jirgin Albert, James McWilliam, mutum ne mai son lissafi, kuma bai tsaya kan 'yan uwansa kaɗai ba. Baƙaƙen fata 158 ne ke aiki a jiragen. A cikinsu 11 kacal zazzaɓin ya taɓa, ba wanda ya mutu, kuma duk waɗannan 11 mutane ne da suka yi shekaru a Ingila kafin tafiyar. McWilliam bai san sauro ne ke kawo cutar ba, a zamaninsa tururin fadama ake zargi. Amma alƙalumansa sun nuna abu biyu da likitoci suka daɗe suna bin diddiginsu: jikin wanda ya tashi cikin sauro yana da wata kariya, kuma kariyar tana zubewa idan mutum ya daɗe bai ji cizo ba.

Shekara 13 bayan haka, a 1854, Dokta William Baikie ya biyo hanyar da jirgi guda, Pleiad, da Turawa 12. Shi kuwa ya wajabta wa kowa shan kwinin kullum tun kafin a kwanta ciwo. Suka yi kusan wata huɗu tsakanin Kwara da Binuwai, suka fito ba a rasa rai ko ɗaya ba. Wannan ɗacin na kwinin shi ya buɗe kogin. A 1857 Samuel Ajayi Crowther da J. C. Taylor suka kafa mishan a Anacha, 'yan kasuwar Ingila suka kafa rumfunan saye da sayarwa a bakin ruwa. Baikie kansa ya zauna a Lakwaja, ya koyi Hausa, ya je har Kano a 1862. Daga 1886 kamfanin Royal Niger ya mai da Asaba, tsallaken Anacha, hedikwatarsa, kuma rundunar da ke tsare masa kogin cike take da Hausawa.

Ba soja kaɗai ba. Wajen ƙarshen ƙarni na 19 maharban giwa daga arewa suka bi hauren giwa har cikin kurmin ƙasar Ibo da ta Ikwerre, wasunsu suka zauna a Elele, arewa da inda daga baya aka gina Fatakwal. Sai aka gano kwal a tsaunukan Udi a 1909. Gwamna Lugga ya sa wa sabuwar tashar jiragen ruwa, wato Fatakwal, sunan Lewis Harcourt a 1913, layin dogo ya haɗa ta da Inugu a 1916, ya miƙa arewa, aka buɗe gadar Makurɗi a 1932. Shanun da a da ake korowa a ƙafa, tsando yana rage su a hanya da sammore, yanzu suna sauka daga tarago. Bayansu mahauta, dillalai, masu tsire, masu albasa da wake da busasshen kifi, da malaman da ke biye da kowane ayari. Haka unguwannin suka tashi: kewayen masallacin Owerri Road a Asata da Garikin Awkunanaw a Inugu, Bida Road da bakin gada a Anacha, Diobu da mayankar Trans-Amadi a Fatakwal. A shekarun 1950 wani dillalin shanu daga ƙasar Sakkwato, Malam Umaru Altine, shi ne magajin garin Inugu na farko. Rikicin 1966 da yaƙin basasa suka watse zangunan, bayan 1970 aka dawo aka sake ɗaura zare.

Duk wanda ya zo daga arewa ya san zazzaɓi, sai dai ya san shi da lokacinsa. A ƙasar Kano ko Katsina ruwan shekara bai cika kai milimita 1,000 ba, kuma cikin wata huɗu yake zuba. Sauro ya yi ambaliya daga tsakiyar damina zuwa kaka, yara su yi ta kwanciya, tsofaffi su ɗora laifin kan ɗanyar masara da sabuwar gyaɗa, hunturu ya shigo a sami sauƙi. A Fatakwal kuwa ruwan ya haura milimita 2,000, rani ɗan taƙi ne, kwatami ba ya bushewa. Baƙon da ya sauka daga jirgi sai ya tarar da zazzaɓin da ba shi da kaka ba shi da bazara. Maganar da ake yi masa ba ta canza ba har yau: «Malam, yi haƙuri, ruwan garin ne bai karɓe ka ba tukuna, jininka zai saba.» A tafasa masa ganyen darbejiya da na gwanda da na mangwaro, a lulluɓe shi da bargo a kan tukunya ya yi sirace har gumi ya jiƙe rigarsa, a ba shi kofi guda ya runtse ido ya shanye.

Mene ne wannan sabon? Amsar ta fara fitowa ne bayan Alphonse Laveran ya ga ƙwayar cutar cikin jinin wani soja a Aljeriya a 1880, Ronald Ross kuma ya gan ta a cikin sauro a Indiya a 1897. Likitocin Turawa suka shiga garuruwan Afirka ta Yamma suna jera yara, suna danna yatsu ƙarƙashin haƙarƙarin hagu. Saifar yaro mai lafiya ba ta taɓuwa. Ta waɗannan yaran kuwa ga ta nan ta kumbura, tana tokare yatsa. A duba jininsu a madubin likita, ƙwayar cutar fal, alhali yaran na wasansu. A duba na iyayensu, ɗan kaɗan ko babu. Robert Koch ya ga irin wannan a Java da Niugini a 1900, ya ce kariya ce da ake tarawa a hankali, cizo bayan cizo.

Abin da gwamnatin mulkin mallaka ta yi da wannan ilimin abin dariya ne da takaici. Tunda yaran 'yan ƙasa su ne rumbun cutar, in ji masana irin su Stephens da Christophers, to a nisanta Bature da su. A ƙarƙashin dokar birane ta 1917 aka ware unguwar Turawa, aka bar fili mai faɗin yadi 440 tsakaninta da gidajen baƙar fata, wai iyakar tafiyar sauro ke nan. Fatakwal da Inugu sababbin garuruwa ne, don haka da wannan ma'aunin aka zana su tun daga tushe, kuma asalin unguwannin da ake kira GRA ke nan. Sauro dai yana wuce yadi 440 ba tare da ya gaji ba, kuku da boyi kuma a bayan gidan maigida suke kwana. Yaran da aka gudar wa ba wanda ya yi musu tanadi.

Su ne kuwa ke biyan kuɗin sabon. Idan macen sauro ta yi cizo takan zuba 'yan ƙwayoyi kaɗan, su bi jini su shige hanta, su yi kamar mako guda a ɓoye suna hayayyafa, kowace ɗaya ta zama dubbai. Daga nan su fantsama cikin jajayen ƙwayoyin jini, duk kwana biyu su fasa su, su shiga sababbi. Fashewar nan ita ce rawar ɗari da zafin jiki. Jiki yana ƙera sinadaran garkuwa da ke gane ƙwayar jinin da ta kamu, amma falsifarum, nau'in da ya fi kisa kuma ya fi yawa a Nijeriya, tana da ƙwayoyin gado kusan 60 na canza kamannin da take nunawa. Kamar ɓarawon kasuwa ne mai riga sittin: kafin 'yan banga su haddace shuɗiyar, ya fito da fara. Sai yaro ya sha zazzaɓi sau da yawa kafin jikinsa ya san isassun riguna. Wanda ya tsallake shekara biyar ya fita daga mafi munin haɗari, wato jijjiga da suma da ƙarewar jini. Wanda bai tsallake ba, an yi masa sutura tun kafin ya iya faɗin sunan ciwon. Ko babban da ya saba ɗin ma ba rabuwa ya yi da cutar ba, zama suke yi tare. Mace mai cikin fari kuma takan koma baya, domin ƙwayar na da wata kama ta musamman da take maƙalewa da ita a mabiyiya, wadda jikin matar bai taɓa gani ba.

Shaidar cewa kariyar a cikin jini take, har ana iya ɗiba a ba wani, ta zo a 1961 daga Gambiya, inda Sydney Cohen da Ian McGregor suka tace sinadaran garkuwa daga jinin manya suka yi wa yara masu zazzaɓi allura, ƙwayar cutar ta ragu warwas. Shekara guda bayan haka aka maimaita gwajin a Ibadan, aka ƙara da jinin cibiyar jarirai, shi ma ya yi aiki. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa jinjiri ba ya cika kamuwa a watanninsa na farko: guzuri ne uwa ta ba shi, kuma yakan ƙare. Jagoran aikin na Ibadan shi ne Farfesa Joseph Chike Edozien, ɗan Asaba, wanda ya zama Asagba na Asaba a 1991 ya rasu a 2024. Hausawa da yawa da ke ƙetare gadar Anacha kullum sun san shi a matsayin sarki, ba su san ya taɓa yin aikin zazzaɓin da ke kwantar musu da yara ba.

Darasi mafi ɗaci daga gida ya fito. Tsakanin 1969 da 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka gudanar da wani babban bincike a ƙasar Garki, a tsohuwar jihar Kano, Jigawa ta yanzu. Daminar 1972 da ta 1973 aka yi ta fesa maganin sauro a ɗakuna, a wasu ƙauyukan aka haɗa da raba ƙwayoyin magani ga kowa da kowa. Cutar ta yi ƙasa sosai, mutuwar jarirai ta ragu. Amma sinadaran garkuwa a jinin mutanen su ma suka yi ƙasa, kuma da aka janye hannu cutar ta dawo, har ta ɗan zarce ta ƙauyukan da ba a taɓa ba kafin ta daidaita. Littafin da Molineaux da Gramiccia suka fitar kan aikin a 1980 har yanzu ana karanta shi a makarantun likitanci na duniya, kuma sunan Garki ya fi tashe a can fiye da a Dutse.

Akwai kariyar da ake gado, ita ma da tsadarta. Anthony Allison ya nuna a 1954 cewa mai jinin AS ba ya cika mutuwa da zazzaɓin cizon sauro, dalilin da ya sa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan Nijeriya ke ɗauke da shi, kuma dalilin da ya sa ake haifar mana masu amosanin jini da yawa haka. A 1996 David Modiano ya gano a Burkina Faso cewa Fulani sun fi maƙwabtansu Mossi yawan sinadaran garkuwa da ƙarancin ƙwayar cutar, alhali sauro ɗaya ke cizonsu. Dillalan shanun Garikin Awkunanaw za su ji daɗin wannan labari, amma kada ya sa su ajiye gidan sauro.

Yau lissafin ya juye. Binciken ƙasa na 2021 ya sami ƙwayar cutar a jinin kashi 22 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar, bayan a 2010 kashi 42 ne. Jihar da ta fi kowa a binciken na 2021 ita ce Kebbi, da kashi 49, kuma shiyyar arewa maso yamma ce kan gaba. Anambra da Ribas suna ƙasa da matsakaicin ƙasa. Wato kurmin da kakanni ke tsoro ya fi gida sauƙi yanzu, aƙalla a cikin birni. Yaron da aka haifa a Diobu, ya girma a ɗaki mai fanka da raga a taga, idan aka kai shi ganin kaka a wani ƙauyen fadama cikin Satumba, shi ne baƙo. Dangi su ce ɗan birni ne, ba ya da ƙwari. Gaskiyar ita ce jininsa bai biya abin da na 'ya'yan kawunsa ya biya ba. Wannan zirga-zirgar tsakanin yanayi biyu ita ce ta bambanta Bahaushen zango da maƙwabcinsa Ibo da kuma ɗan uwansa na gida, kuma ba kasafai masu tsara aikin lafiya ke tunawa da ita ba.

A tsakani magani ya yi ta zuwa yana wucewa. Kulorakwin, mai sa ƙaiƙayin da kan hana mutum barci, ta yi zamaninta har ƙwayar cutar ta daina jin ta, Nijeriya ta koma magungunan da ake haɗawa da atimisinin a 2005. Mai tsire ko ɗan acaɓa ba ya da lokacin layin asibiti. Kemis zai nufa, ya ce kansa na sarawa, gaɓoɓi na ciwo, mai kemis ya ce «maleriya ce da taifot, Alhaji», ya ƙulla masa haɗi a leda ba tare da an ɗiga jini an gwada ba. Kayan nan da yawa daga kasuwar Ogbo Ogwu ta bakin gadar Anacha suke fitowa, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin magani na Afirka ta Yamma, wadda hukumar NAFDAC ta rufe a 2007 zamanin Dora Akunyili, ta kuma sake rufewa a Fabrairun 2025, duk saboda jabu.

Neman allurar rigakafi ya ɗauki fiye da shekara 50. A 1967 Ruth Nussenzweig ta nuna a Amurka cewa ƙwayar cutar da aka raunana da haske mai ƙarfi tana kare ɓeraye. A ƙarshen shekarun 1980 Manuel Patarroyo na Kolombiya ya tayar da ƙura da tasa allurar, gwaji a Gambiya da Tailan ya kwantar da ita. Wadda ta kai labari ita ce RTS,S, da kamfanin GSK ya ƙirƙira a 1987 tare da cibiyar binciken sojan Amurka ta Walter Reed. Dabararta ita ce a tare ƙwayar kafin ta shiga hanta, lokacin ba ta da yawa kuma ba ta fara canje-canjen kama ba. An gwada ta kan yara fiye da 15,000 a ƙasashen Afirka 7 tsakanin 2009 da 2014, ta rage kamuwa da kusan kashi 36 cikin 100 a shekara huɗu. Nijeriya ba ta cikin bakwai ɗin, amma an yi wani ƙaramin gwaji kan yara 320 a asibitocin koyarwa na Inugu da Jos, don tabbatar da cewa allurar da masana'anta za ta riƙa fitarwa da yawa daidai take da ta gwaji, aka buga sakamakon a 2014.

Kashi 36 ba abin kiɗa da rawa ba ne, kuma masana da dama sun yi tsaki. Sai dai da aka fara ba yara ita a Malawi da Gana da Kenya daga 2019, mutuwar yaran da suka isa karɓa ta ragu da kashi 13 cikin 100. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita ranar 6 ga Oktoban 2021. Ta biyu, R21, ta fito daga Jami'ar Oxford, kamfanin Serum na Indiya ke sarrafa ta da araha, kuma a Nanoro ta Burkina Faso, ƙarƙashin Farfesa Halidou Tinto, ta fara nuna ƙarfinta. A babban gwaji kan yara 4,800 ta ba da kariyar kashi 75 a wuraren da zazzaɓi ke bin damina, kashi 68 a inda yake shekara. NAFDAC ta yi mata rajista a Afrilun 2023. Kashin farko, allura 846,200, ya sauka Abuja a Oktoban 2024, aka fara yi ranar 2 ga Disamba a jihohi biyu: Kebbi, da Bayelsa mai maƙwabtaka da Ribas. Nijar ta riga da 'yan watanni, ta fara a Gaya cikin Satumba.

Wasu na tafe. Wata allura mai suna RH5, da ke tare ƙwayar a matakin jini, ta ba da kariyar kashi 55 a gwajin Nanoro na 2024. A Mali kuma an gwada sinadaran garkuwa da aka ƙera a masana'anta, allura ɗaya ta kare manya daga kamuwa da kashi 88 tsawon wata shida, wato damina guda cur. Tunanin Edozien ne ya dawo cikin kwalba. A Mali da Burkina Faso an ga cewa haɗa allurar RTS,S da maganin rigakafin da ake raba wa yara wata-wata a damina, irin wanda aka fara a Katsina a 2013, ya rage zazzaɓi mai tsanani da kusan kashi 70 fiye da kowannensu shi kaɗai.

Matsalar zango a nan take. Allurar sau huɗu ce: wata 5, wata 6, wata 7, sai ta ƙarshe a wata 15. A ƙasashen da suka fara, ta huɗun ce iyaye suka fi mantawa, alhali kariyar tana dusashewa idan ba a ƙarfafa ta ba. To ina ga matar da ta tafi wankan jego gida, ta dawo Inugu da goyon wata biyar, ta koma bikin ƙanwa, ta sake komawa Babbar Salla? Yaro ɗaya, asibiti uku, jihohi biyu, wata ta fara allurar wata ba ta fara ba. Ga kuma jita-jita, wadda mazaunin zango ke ji da harshe biyu. Da Hausa ya ji labarin gwajin Trovan na 1996 a Kano da ƙauracewa allurar shan inna ta 2003. Da Ibo da Turancin buroka ya ji na Oktoban 2017, ranar da iyaye a Anambra suka ruga makarantu suka kwashe 'ya'yansu saboda raɗe-raɗin wai sojoji na yi wa yara allurar cuta, abin ya bazu har Fatakwal. Wasu tsoron suna da tushe, wasu ba su da shi, kuma ma'aikacin lafiyar da ba ya jin Hausa ba zai iya rarrabe wa uwa su ba.

Nijeriya ce ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da wannan cuta a duniya, da kusan kashi ɗaya cikin uku na masu mutuwa, galibinsu yara. Sarakunan Hausawa na Anacha da Inugu da Fatakwal, da limaman Juma'a da shugabannin kasuwar shanu, su suka san gidan da aka yi haihuwa da motar da za ta tashi gobe. Su je hukumomin lafiya matakin farko na jihohinsu tun allurar ba ta ƙaraso ba, su nemi a sa unguwanninsu a lissafi, a kuma ɗauki mata masu jin Hausa cikin masu yin ta. Mai goyo kuma, duk ranar da za a tafi gida, ta sa katin rigakafin yaro da gidan sauro a jaka kafin tsaraba, ta kuma nuna katin a asibitin garin da ta sauka.